Wayoyi Uku Masu Ruwan Ɗorawa

Tsohon babur na doguwar tafiya kamar tsohon basarake yake: ga kwarjini, ga ciwon da ba ya faɗa wa kowa. Ɗauki Gold Wing GL1200, wanda aka ƙera daga 1984 zuwa 1987. Yana da silinda huɗu da kujera kamar ta falon Alhaji, amma wata safiya za ka danna sitata ya ce maka "ƙis", ya yi shiru.

Batir ake fara zargi, don shi ne marar gata. A sayo sabo, ya kwana uku, ya bi sahun na farko. Sai a lokacin mai babur ke tuna mita. Idan inji na aiki, ya kamata a ga wajen bolt 14. In 12 ta tsaya tana kallonka, caji ba ya shiga.

Masu laifin galibi wayoyi uku ne masu ruwan ɗorawa da suka fito daga kwayil. Mahaɗarsu ta roba ta sha zafin shekara arba'in, ta ƙone kamar ƙanzo. A yanke ta, a liƙe wayoyin da dalma, an huta. In kuwa kwayil ɗin ne ya mutu, sai an sauke inji gaba ɗaya, wato a rushe ɗaki don a ciro allura.

Daga nan sai farautar kaya. Ka nuna wa mai shago hoton kwayil ɗin a wayarka, ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, wannan na janareto ne?"