Gwiwar Baba Ba Ta Kyau a Hoto

Na san da jin an ce tara kuɗi wasunku sun riga sun dafe aljihu. Ku sake shi, jama'a. Ban zo da faifai ba, kuma babu lambar asusu a ƙarshen wannan shafi. Alhaji mai albasa na kasuwar Yelwa, kai ma kwantar da hankalinka, ba a taɓa zare wa mutum kuɗi ta cikin takarda ba.

Zancen da na kawo shi ne tara gudummawa ta waya domin masu amosanin gaɓɓai, abin da a gida muka fi kira sanyin ƙashi. Amsoshinku kuwa na san su tun ba ku buɗe baki ba, don ba yau na fara zaman majalisa ba. Wani zai ce ai wannan tsufa ne, ba cuta ba. Wani zai ce duk wanda ya ce a tura kuɗi ta intanet ɗan damfara ne. Akwai kuma mai cewa aikin gwamnati ne, ya juya ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Wannan na ƙarshen bari in sallame shi tun yanzu: gaskiyarka, Malam, aikinta ne. Sai ka je ka faɗa wa gwiwar mahaifiyarka ta dakata har a sa hannu a kasafin kuɗi.

Mai cewa tsufa ne, matso kusa, idan gwiwarka ta yarda. Ba ka yi ƙarya duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da irin amosanin da ke zuwa idan guringuntsin gaɓa ya zaizaye, kuma kusan kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55. Gwiwa ce kan gaba, da mutum miliyan 365. To amma wa ya ce maka abin da ya zo da tsufa ba a yi masa magani? Ai da idonka ya fara yana, har Birnin Kebbi ka je aka kankare maka, ba ka ce tsufa ne ka zauna kana lalube ba.

Kuma ba kowane ciwon gaɓa ne na tsofaffi ba. Akwai wanda garkuwar jiki ce da kanta take juyowa ta afka wa gaɓɓai. Shi wannan mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a duniya a wannan shekarar ta 2019, kashi 70 cikin ɗari mata ne, kuma yakan taɓa mace tana tsakiyar ƙarfinta, da goyo a baya. Za ta tashi da asuba yatsun hannu biyu sun kumbura sun sandare, ta kai hantsi ba ta iya riƙe muciya ba. Sai ku ce sammu ne, ko kishiya. Idan aka bar shi shekara biyu, uku, yatsun su karkace, daga nan babu maganin da zai miƙe su. Ga kuma yaranmu masu sikila, waɗanda kan ƙashin ƙugunsu ke mutuwa saboda jini ba ya isa wurin, saurayi ɗan ashirin yana ɗingishi. Sannan akwai na manya, mai kama babban yatsan ƙafa cikin dare har mutum ya kasa jure mayafi a kansa, wanda yawan nama da kayan ciki ke tayar da shi. Mahauta, na ga kuna dariyar masunta tun ɗazu, to wannan rabonku ne da na manyan masu saye a wurinku.

Masunta kuma za su ce ruwa ne ya shige su. Na yarda sanyin tafkin Kainji da hunturu yana sa mai ciwo ya ƙara jin jiki. Amma abin da likitoci suka tabbatar yana cin gaɓa shi ne ɗaukar nauyi, da yawan tsuguno da durƙuso, da tsohon rauni da ba a kula da shi ba, da ƙiba, da gado. Yanzu ku duba mana aikin ƙasar nan. Mai jan taru a gaɓar Wara, mai tuƙa kwale-kwale tun yana ɗan shekara goma, manomin albasa da ke wuni a tsugune yana dashe, matar da ke durƙushe gaban wutar banda tana juya kifi, da wadda ke ɗauko ruwa a ka daga bakin kogi a ƙauyukan Shanga. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya tashi mutum wajen 44,000 daga gungu da gaɓa aka sake musu matsuguni. Jaririn da aka goyo aka fito da shi a wancan tashi yau ya doshi sittin, yayyensa kuwa sun haye. Su ne waɗannan da kuke gani a sahun gefe suna salla a zaune, kuna cewa Allah sarki, Baba ya tsufa, kuna wucewa.

To mu zo kan damfara, inda na san nan ne kuka fi ƙarfi. Ba zan yi musu da ku ba. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, kuma har yau akwai gidajen da ba a ambatar sunanta gaban maigida. Akwai masu ɗauko hoton majinyacin wata ƙasa su liƙa masa sunan Hausa da lambar asusunsu. Kada ma ku ce halin namu ne kawai. A Ingila, a 2020, wani tsohon soja, Kyaftin Tom Moore, ya yi ta zagaya lambun gidansa da keken dogarawa kafin ya cika shekara 100, aka tara kusan fam miliyan 33 ta shafin JustGiving domin ma'aikatan lafiya. Wannan kuɗin ya isa inda aka nufa. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya, sai da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta ƙasar ta bincike ta, a 2024 ta ce iyalinsa sun ci moriyar da bai kamata ba. Na ga kun gyara zama, kun ji daɗi. Ku dai lura da cewa asirin ya tonu ne don akwai masu bin diddigi irinku, waɗanda aka ba su littafin lissafi suka zauna suka duba.

Abin da ke ba ni dariya da ku shi ne inda zargin naku yake tsayawa. Kai da ba ka yarda da lambar asusu ba, jiya da dare ka aiki yaro kemis ya karɓo maka haɗi, ƙwaya biyar a ƙullin leda, fara da ja da ruwan ɗorawa, babu suna babu kwali, ka watsa baki ka bi da ruwa. Ka tambayi mai shagon ko yana da rajista? A irin wannan ƙulli akan haɗa diclofenac da ibuprofen ko piroxicam, duka dangi ɗaya, waɗanda idan aka daɗe ana sha suke huda ciki su lalata ƙoda. Sau da yawa a ƙara da prednisolone ko dexamethasone. Su ne masu sa ka ji garau cikin kwana biyu, fuska ta cika ka ɗauka hutu ne ya zo, alhali suna tayar da sukari da hawan jini, suna kuma rage ƙarfin ƙashin da kake neman gyarawa. Mai kwalba da lasifika a ranar kasuwa ya ce maganinsa na warkar da sanyi iri arba'in, ka biya lakadan ba ka nemi rasit ba. Amma a ce ka tura dubu ɗaya asusun marasa lafiya, nan take ka zama jami'in EFCC.

Kuma kada Alhaji ya ce bai iya waya ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koya dole. Mota guda ta albasa kake sayarwa sai ka ji ƙarar alat kafin ka bari a ɗaure igiya. Gudummawar biki ta OPay take tafiya, kuɗin makarantar yara ta wurin mai POS. Yatsan yana aiki sarai, a kan wannan maganar ce kaɗai amosani ke kama shi.

Turawa suna da manyan ƙungiyoyi na wannan ciwo kaɗai. Amurka na da tata tun 1948, a Ingila kuma biyu suka haɗe suka ɗauki sunan Versus Arthritis a 2018. Bature zai buɗe shafi ya ce zai yi gudun kilomita 42 a Landan, abokai su zuba kuɗi, ya tara wa masu ciwon gwiwa, shi kuma ya koma gida da nasa sabon ciwon gwiwar. Mu ba sai mun yi gudu ba, muna da Rigata. Matasan da ke tseren kwale-kwale gaban Sarkin Yauri, me zai hana kowane jirgi ya ce ya tsaya wa tsofaffin masuntan garinsu, 'yan garin da ke Abuja da Legas su saka wani abu? Sai dai a sani, shafin GoFundMe da ake yawan ambata ba ya biyan kuɗi cikin bankin Najeriya, sai da wani a waje. Namu dandalin shi ne zauren WhatsApp da Facebook da lambar asusu, kuma yana aiki. A Kano, marubuciya Fauziyya D. Sulaiman ta yi shekaru tana tara wa marasa lafiya kuɗi ta Facebook, har gwamnan jihar ya ba ta muƙamin mai taimaka masa kan mabuƙata a 2023.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Gudummawar Facebook hoto take bi. Yaro mai ƙari a wuya, ko wanda wuta ta ƙona, kafin magariba an haɗa kuɗin aiki, kuma madalla da hakan. Gwiwar Baba fa? Ka ɗauke ta hoto, gwiwa ce kawai, baƙa, da ɗan kaushi. Ba jini, ba bandeji. Ciwon ba ya kashewa yau, ba ya kuma warkewa gobe, saboda haka babu ranar da za a sanar cewa an sallamo shi, a yi ta zuba addu'a. Abin da yake ci kuɗi ne kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, shekara da shekaru. Shi ya sa roƙon rana ɗaya mai tashin hankali bai dace da shi ba. Abin da ya dace da shi Hajiya uwar adashe ta fi kowa saninsa: zubi ƙanƙane, a kan lokaci, da littafi, da wadda kowa ke jin kunyar ya saɓa mata. Bambancin kawai, a nan kwasar ta wanda ba ya iya tashi ce.

Me kuɗin zai saya? Kar ku fara da canjin gwiwa. Ana yin sa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, amma miliyoyin naira ne, kuma mutum ɗaya zai cinye asusun duka. Ku fara da kuɗin mota ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, idan likitan Yelwa ya tura. Hoton ƙashi da gwajin jini, don a san wane iri ne, tunda maganinsu ba ɗaya ba ne. Matar nan mai kumburin yatsu, maganin da aka fi fara ba irinta shi ne methotrexate, ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, mai sha kullum yana iya rasa ransa, kuma ba a ba mai ciki. Tana buƙatar gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci, kuma a nan ne talaka ke yankewa ya koma wa haɗi. Sai ƙananan abubuwa da ba mai sa su a Facebook: sanda mai kyau daidai tsayin mutum, kujerar zama a banɗaki, zuwa wurin masu gashin ƙashi su koya wa Baba motsa jikin da ke ƙarfafa cinya. Ko a biya wa tsoho kuɗin shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KECHEMA. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan kam ba ta jiran zubi, kuma ba ta wanzami ba ce. Ƙwayar cuta na iya cinye ta cikin kwanaki, asibiti za a nufa a ranar.

Yanzu kai mai zargi, ga muƙaminka, don ban yi niyyar barinka ka tafi haka ba. Kai ne mai binciken asusu. Kai za ka dage cewa asusun da sunan ƙungiya za a buɗe shi, ba da sunan ɗan wani ba, kuma sai mutum uku sun sa hannu kuɗi ke fita. Idan abin ya girma, ka matsa a yi rajista da hukumar CAC. Ka hana a damƙa wa kowa kuɗi a hannu, a biya asibiti ko kantin magani, rasit ya shigo zaure kafin a kwanta. Ƙarshen wata ka bi lissafi layi-layi da wannan idon naka da ke gane buhun da aka yi wa cushe tun daga nesa. Sharaɗi ɗaya ne: mai bincike shi ke fara zubi.

Kai kuma ɗan samari mai wayar, da kai za a rubuta sanarwa. Ban da fuskokin kuka goma a jere. Rubuta sunan ciwon yadda likita ya rubuta, da abin da ake nema, da abin da aka samu, da waɗanda suka sa hannu. Ranar 12 ga Oktoba ce ranar masu wannan ciwo ta duniya, idan kana neman ranar farawa. Kuma kafin ka ɗaga wayar ka nemi izinin Baba, don mutumin da ya yi shekara hamsin yana ciyar da gida daga tafki ba zai so surukansa su gan shi ana roƙo da shi ba. Idan ya ce a'a, a sa lissafi kawai a bar fuskarsa. In ka ƙi ji, ka tuna sandar da kuka saya masa sabuwa ce, kuma ciwon a gwiwa yake, hannun lafiya lau.