Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Zuwa ga Bazazzagina da ke Ohayo,

Saƙon muryarka ya iso da asuba, minti tara cur, har gabana ya faɗi na ɗauka rasuwa aka yi. Da na kasa kunne sai na ji ashe kukan mutumin da aka taɓa wa aljihu ne. Wai kaka ta kama a Amurka, kamfaninku ya buɗe gidauniyar shekara, an turo maka fom ta imel har sau uku, kuma shugabar sashenku ya zo ya tsaya a kanka da murmushi yana tambaya ko ka ga saƙon. Na ce "ya" ne don in yi maka da yarenku, tunda ku Zage-zagi har yau ba ku yarda akwai mace a nahawu ba. Ka rufe da cewa wannan zalunci ne. Na yi ta dariya har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya.

Kai fa! Yau kai ne da ƙorafin takardar gudummawa?

Shekara shida muka yi a ofis ɗaya a nan Kano, lokacin da muka yi maka alfarma muka bar ka ka ci arziki a garinmu. Duk tsawon shekarun nan kai ne sakataren kwamitin jin daɗin ma'aikata. Ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe ka. An dai wayi gari an gan ka da koren fayil a hammata da jan biro a aljihun gaba, kuma tun daga ranar jin daɗin ya ƙare. Kafin alat ɗin albashi ya gama ƙara a wayar mutum, inuwarka ta riga ta faɗo kan teburinsa.

Dabararka ce ba na mantawa. Ofishin oga kake fara shiga, ya rubuta sunansa a layin farko da adadi mai sifili da yawa, sannan ka bi mu ɗaya bayan ɗaya bisa matakin albashi, ta yadda kowa zai ga abin da na sama da shi ya rubuta, na ƙasa kuma ya ga nasa. Ka miƙa biro kana cewa, "Ba dole ba ne fa, abin da ya sawwaƙa." In mutum ya fara sosa ƙeya sai ka sassauta murya: "Amma dai ka san takardar teburin oga za ta koma." Da farko don gidan marayu ake yi a watan azumi, sai waɗanda ambaliya ta ci gidajensu, kuma ba mai musun waɗannan. A hankali fayil ya saba da ci. Aka koma auren 'yar oga, sunan jikan oga, walimar sallamar daraktan da ko gaisuwarmu ba ya amsawa.

Ka tuna Baba masinja? Lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, shi kuma a nan yake, da 'ya'ya bakwai. Ina zaune ka tare shi a bakin matakala, yana riƙe da tiren shayin oga. Ya ajiye tiren a ƙasa, ya cire hula, ya zaro naira 200 da aka ninke ta gida huɗu daga cikin naɗin hular, ya warware ta a kan gwiwarsa yana lallashinta kamar mai guga. Kuɗin motarsa ke nan. Ka karɓa, ka rubuta, har da cewa, "Baba, ko za a ɗan ƙara?" Ranar a ƙasa ya taka zuwa Kurna. Da ma ina jiran ranar da zan tuna maka, sai ga shi ka kawo kanka.

Ni ma ban fita ba, kada ka ce na wanke kaina. An taɓa kawo mini takardar na ga yaron da ke ƙasa da ni ya rubuta 3,000, sai girman kai ya kama hannuna na rubuta 5,000. Satin nan a bashi na sha shayi. Ban taɓa sa ran lada a kan kuɗin nan ba, don na san ba marayu nake tunani ba sa'ad da nake rubutawa. Idon oga nake gani.

To, gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ka bar masu koren fayil ka tafi ƙasar da aka mayar da abin sana'a mai ofis da kwamfuta. Uwar tafiyar a can ita ce ƙungiyar United Way, wadda tushenta ya faro a birnin Denba a 1887, sa'ad da wata mata da limaman Kirista uku da malamin Yahudawa guda suka ga gara a tara taimako wuri ɗaya a raba wa ƙungiyoyin agaji, maimakon kowace ta riƙa bin gidaje da ƙoƙon bararta. Tunani ne mai kyau, ban ƙi ba. Daga baya aka gano cewa hanya mafi sauƙi ta karɓar kuɗi ita ce a cire shi daga albashi tun bai shigo hannun mai shi ba, kaɗan-kaɗan, shekara guda. Har ma'auni suka yanka wa mutane, wai rabon adalci: ladan aikin awa ɗaya a kowane wata. Kuɗin kuwa yana ciyar da mayunwata, yana ba marasa gida makwanci a ƙasar da sanyi ke kisa. Matsalar tana wajen mai riƙe da takarda. Shugaban kamfani yana son a kira sunansa a taron attajiran gari a ce ma'aikatansa ɗari bisa ɗari sun bayar, a miƙa masa allon yabo ya rataye. Sai ya matsa wa manaja, manaja ya matsa wa shugabar sashe, ita kuma ta zo ta tsaya a kan wani Bazazzagi da murmushi.

Ka ce sun zana ma'aunin zafin jiki ƙato a bangon ɗakin cin abinci, ana cika shi da jan fenti yayin da kuɗi ke taruwa. Ka ce wanda ya bayar an yarje masa ya sa wandon jins ranar Juma'a, kai kuma kana yawo da kwat kamar baƙon da ya ɓata hanya, kowa ya gane ka. Ka ce ko ba za ka ba da sisi ba, wajibi ne ka cike fom ka mayar. Malam, wannan ai koren fayil ɗinka ne ya je ya yi digiri. Har na ji haushi da ba kai ka ƙirƙiro dabarar wandon ba, da ka sa mu biya kuɗin sa hula.

Su kansu sun san abin yana wuce gona da iri. Gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa wa ma'aikatanta gidauniya guda ta hanyar umarnin Shugaba John Kennedy a 1961, kuma ƙa'idojin da aka rubuta mata sun hana shugaba ya roƙi na ƙasa da shi, sun hana shi tambayar wa ya bayar wa bai bayar ba, sun hana sa burin ɗari bisa ɗari, sun hana ajiye jerin sunayen waɗanda suka ƙi. Duba da kyau, duk abin da ka yi mana shekara shida ne aka jera aka haramta, kamar sun leƙa fayil ɗinka. Sai dai kai ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ƙa'idar ba ta rufe ka ba. Allah ya ƙara.

Kuma tunda kana son tarihi, kamar kowane Bazazzagi da ya taɓa wucewa ta ƙofar jami'a a Samaru, ga wani. William Aramony ya shugabanci United Way ta ƙasa shekara 22. A 1992 jaridu suka tono yadda yake fantamawa, albashi da alawus sama da dala 400,000 a shekara, yana hawa jirgin Concorde, alhali akawu da direba ana yankar musu ladan awa guda. Ya sauka, a 1995 kotu ta same shi da laifin zamba, aka yanke masa shekara bakwai. Ban kawo wannan don in yi maka habaici ba. Kai ko babur ba ka saya da kuɗinmu ba, na shaida. Abin da kawai ba mu taɓa gani ba shi ne rasit.

Abin da ya fi ci mini rai a takardarku, ta can da ta nan, shi ne ba ta san nisabi ba. Zakka da take farilla sai dukiya ta kai wani adadi, ta kuma shekara, sannan a cire ɗaya cikin arba'in, kuma irin su Baba masinja karɓa suke yi, ba bayarwa ba. Taku kuwa da ake kira ganin dama ba ta tsallake kowa. Wanda aka tara dominsa ma, in ya yi sake, sai ya ga sunansa a layi na ashirin.

Ka tambaye ni shawara. In kana da zuciya, rubuta sifili ka mayar musu da fom, ka je ka ba wanda ranka ya kwanta da shi ba tare da kowa ya sani ba. Amma na san ka. Za ka cike, ka sa wandon jins a kan wannan tumbin, ka tsaya gaban ma'aunin zafi a ɗauke ka hoto. Kafin baɗi kuma sun gano gwaninta, sun miƙa maka fayil.

Kafin nan, watan cika-ciki na tafe, kuma shekara huɗu ke nan ba ka aiko da kuɗin shara ba. Na san za ka ce mai karɓa shi ne bawa. A kan dala na yarda in riƙe tsintsiya. Na riga na buɗe takarda, sunanka ne a layin farko, na bar fili mai faɗi saboda sifili. Ba dole ba ne, abin da ya sawwaƙa. Amma dai ka san takardar gidan surukanka na Tudun Wada za ta biya.

Naka, ubangidanka na Kano.