Zuwa ga Bahagon Mazanya, Makaɗin Baki

Bahago, taubashina, mai kunnen ƙashi! Labarinka ya riga motar Jibiya isowa Katsina. An ce ka yi wa Shata da Ɗan Anace saki uku, ka koma sauraron kiɗan Turawan nan da ake kira hebi metal. Wani ɗalibi ya tura maka faifan farko na Black Sabbath a waya, kai kuma ka ɗaure lasifika a bayan babur, daga Mazanya har Magama babu mai sakewa. Na ji masu shinge ma sun daina tsayar da kai, hannu kawai suke ɗaga maka ka yi gaba da fitinarka.

Amarya na fi tausayawa. Faifan da ƙarar ruwan sama da tsawa da ƙararrawa yake farawa, kai kuma ka kunna shi a tsakar gida ana tsakiyar bazara. Baiwar Allah ta fito da gudu, ɗankwali a hannu, ta kwashe garin da ta shanya, sannan ta ɗaga kai ta ga rana ƙwal, ko ɗigon hadari babu. Allah ya saka mata.

Ban ce mutanen ba su iya ba, kar ka kumbura. Samari huɗu ne 'yan Birmingham ta Ingila, a yini guda suka naɗi faifan, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, kuma daga shi masana da yawa ke fara lissafin wannan kiɗa. Mai jitarsu, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, ya ci gaba da kiɗa. Kai da yatsunka goma cif, ban da murɗa totur da ƙirga canjin sefa me suka taɓa yi?

Yanzu kuma wai ƙungiya za ka kafa, har ka raɗa mata suna, alhali ko gurmi ba ka da shi. Da ka tambaye ni, da ban bar ka ka je Ingila neman malami ba. Ga Mdou Moctar nan, Buzun jihar Tawa, tsallaken iyakar da kake leƙawa kullum. Jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke ya haɗa ta. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfanin da ya tallata shi a lokacin, daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta bulutut da memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa ya fitar da ita a 2011. Yau a Amurka da Turai mutumin yake cika fili, jitarsa tana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, irin dai yadda kake so.

Abin da zai faranta maka rai: Iommi bahago ne, Mdou ma bahago ne. Kai ma haka. To iyakar gadon da ka ci ke nan.

Ranar Lahadi ina tafe kasuwar Jibiya. Ka tanadi kuɗin sharata na bara da na bana, ka sa amarya ta dama fura, don ita kaɗai nake zuwa gaisarwa. In kuma kana da bakin ramawa, ga fili ga mai doki, shafin nan a buɗe yake.