Rina ta harbi yaro a layinmu

Mu a layinmu rina ba ta harbin yaro a ɓoye. Ihu ɗaya zai yi, kafin uwarsa ta laluɓo mayafi gida uku sun fito, kowa da maganinsa a hannu. Haka aka yi jiya bayan la'asar, da autan maƙwabciyarmu ya zura kara cikin gidan rina a saman zaure.

Goggo ce ta fara isowa da ɓarin albasa. Ta kama kunnen yaron tana gogawa, tana cewa, "Yi shiru ɗan nan, yanzu zai sauka." Sai ga Inna da ganyen darbejiya, ta ɗan daka shi a turmin yaji har ya yi kore shar, ta ce albasa ta masu gaggawa ce, darbejiya ke hana kumburi. Baba mai shayi ya leƙo daga rumfarsa ya ce su a ƙauyensu laka kawai ake shafawa. Nan fa aka kaure da musu, yaro kuwa har ya manta da kuka yana kallonsu.

Abin da na fi so a wurin Goggo, sai ta tambayi abin da ya yi harbin tukuna. In ƙudan zuma ne, yakan bar ƙarinsa a fata, don haka sai ta kankare shi da farce kafin ta shafa komai. Rina ba ta barin nata. Cinnaka da cizon sauro kuwa man kaɗanya ya ishe su, ko don yaro ya daina susa har ya ji wa kansa ciwo. Da damina kuma kowane gida da kaskon garwashi, ana zuba ɓawon lemo ko busasshen ganyen darbejiya, hayaƙi ya kori sauro kafin a shiga gidan sauro a kwanta.

Da hira ta gangaro kan kunama sai murya ta sauya. Wani ya kawo zancen ruwan tumfafiya, Inna ta katse shi, ta ce wannan farin ruwan in ya shiga ido ɓarna yake yi, ba ta yarda a kusantar da shi ga yaro ba. Ta ce babba ya iya cije haƙori ya kwana da raɗaɗi, amma ƙaramin yaro in ya fara zufa, yawu na dalala, ko yana amai, a goya shi sai asibiti, kada a tsaya daka komai. 'Yar'uwarta da ke aure a Agadas ta sha ba ta labarin kunamun can, masu kashe yara. Haka ma sai asibiti ga wanda zuma ko rina ta harba, leɓe ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa.

Goggo ta sake duba kunnen autan, ta sa ya buɗe baki ta leƙa, ta saurari numfashinsa, sannan ta sake shi. Ya ruga wajen 'yan ƙwallo yana warin albasa. Da magariba yayansa ya ɗauko tsani da tsumma a bakin gora, aka ƙone gidan rinar.