Kyamarar Zafi da Amanar Baƙar Leda

Duk masuncin Jega da ya ji labarin kyamarar nan mai ganin ɗumin jiki cikin duhu, har ya kwaɗaitu ta nuna masa maɓoyar giwan ruwa a Gulbin Zamfara, sai ya yi haƙuri, domin Allah cikin hikimarsa ya sa ruwa yana shanye ɓoyayyen hasken zafin da kyamarar ke gani tun bai nutsa milimita 1 ba. Gilashi ma hijabi ne gare ta, malami mai tabarau yakan fito da baƙaƙen ramuka biyu. Amma baƙar leda, wadda magidantan Aliero da Maiyama suka amince ta suturta tsiren dare daga idon maƙwabta, ba ta da amana ko kaɗan. Hasken yakan ratsa ta, tsire ya bayyana tsinke-tsinke har a ƙidaya.