Inda Ake Ajiye Na'urar Waifai a Potiskum

Na'urar waifai tana son wuri mai tsayi a tsakiyar gida, nesa da bango mai kauri da rufin kwano, domin ƙarfe yana tare sigina. Zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango, 5 GHz ya fi sauri a kusa. Zafin Afrilu yana kashe mata jiki, shi ya sa take samun inuwar da maigida bai samu ba.

Babbar cutar tana wajen lambar sirri. A faɗa wa yaro ɗaya da hantsi, kafin la'asar samarin unguwa sun cika dakali, kamar kasuwar shanu ranar Laraba. Maganinta canza lambar, sannan a tura yaron Islamiyya kafin a rubuta sabuwar.