Yadda za ka biya kuɗi a raba motarka da sheƙi

A da, in mota ta fito daga wurin mai fenti, sai mai ita ya duba fuskarsa a jikin ƙofa, ya gyara zaman hula, sannan ya cika kuɗin aiki. Yanzu yayi ya juya. Samari sun gano fenti marar sheƙi, wanda masu sana'a ke kira mat, mota ta fito dishi-dishi kamar baƙin allon firamare. In kai ma abin ya shiga ranka, ga shawara kyauta.

Fara da sanin abin da ka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da ke kashe sheƙin wani gari ne mai laushi, galibi na silika, da ake haɗawa cikin ruwan ƙarshe da ake fesawa a kan launi. Garin nan kwanciya yake a gindin gwangwani kamar gasarar koko. In ka yi ƙyuyar motsawa, bonet zai fito yana walƙiya kamar goshin amarya, but kuma kamar gindin tukunya. Hadina mai sa fenti ya yi tauri da tina mai tsinka shi kuwa, a auna su da kofi, yadda aka rubuta a jikin gwangwani. In oga ya ce maka shekararsa ashirin yana aunawa da ido, ka yi masa fatan alheri, ka miƙa masa kofin. Kuma a haɗa wanda zai ishi motar gaba ɗaya, a fesa rana ɗaya. Ƙofar da aka bari sai gobe ba za ta yi kama da 'yan uwanta ba, kowa ya gani zai ce agola ce.

Sai zaɓen lokaci. Fenti ya fi son yanayi mai sanyi-sanyi, wajen digiri 20 zuwa 25. Zafin Afrilu a Kano kan haura 40, fenti ya bushe a iska tun bai isa jikin mota ba, ya sauka kamar yashi. Hunturu kuma ƙurarsa ba ta neman izini. Saboda haka a yi sammako, a shiga ɗaki rufaffe, a yayyafa ruwa a ƙasa, a tsiyaye ruwan da ya taru a cikin kwamfaresa. Wanda ya ce zai yi maka a gindin darbejiya, kusa da mai suyar awara, ado zai yi maka da ganye da kiyashi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin bakin bindigar fenti da jikin mota a bar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20. Hannu ya tafi a miƙe, da gudu iri ɗaya, kowane layi ya hau aƙalla rabin na bayansa. Ba a kaɗa wuyan hannu kamar mai fifita wutar tsire. Inda hannu ya yi nawa, fenti ya yi kauri, nan sheƙi zai leƙo. Inda ya yi gaggawa, wurin ya yi kaushi kamar sanfefa. In aka haɗa biyun, to barka, ka samu jakin dawa mai ƙafa huɗu na roba. Don haka ka karɓe wayar mai fenti kafin ya fara. Kiran uwargida guda ɗaya ya isa ya bar tabo a murfin but har abada.

Tsakanin shafi da shafi a jira kamar minti 10 zuwa 15, har danshin ya ɗauke. Gwajin ɗan yatsa a yi shi a kan tef, ba a kan ƙofa ba. Kuma a sa takunkumi na gaske mai matata, don hadina guba ce ga huhu. Madarar gwangwanin da ake kurɓa bayan aiki ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba.

Babban sirrin shi ne, mat ba ya yafiya. Fenti mai sheƙi in ƙuda ya faɗa, a goge da sanfefa, a bi da folish, magana ta wuce. Shi wannan ka goga, wurin ya yi ƙyalli kamar sanƙo a tsakiyar suma. Ko dai ka sake fesa ɓangaren gaba ɗaya, ko ka raɗa wa ƙudan suna ku zauna tare.

Bayan an gama, ka ja kunnen yaron wankin mota: ruwa, sabulu mai laushi, tsumma mai taushi, shi ke nan. In ya ce zai yi maka alheri da folish, ka ba shi kuɗi ya fasa. Kashin tsuntsu a wanke nan take. Koren soja kuwa ka bar wa masu shi, doka ta hana, kuma su ba sa doguwar muhawara.

Sai ka shirya wa ranar da za ka kai ta gida. Kawu zai zagaya ta sau biyu, ya shafa ƙofa, ya jinjina kai, ya ce, "Allah Ya sa albarka, ɗana. To, yaushe za a yi mata fenti?"